Baƙon da Ya Zo Kunna Turare

Chichijima, 6 ga Yuni

Inna Tokie,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar, yaya kunnen? Mu nan lafiya lau muke. Sumire ta fitar da haƙorin gaba, tana ta bin mutane tana nuna musu giɓi. Babanta Norio yana gaishe ki.

Ban san da wane baki zan gode miki ba. Ke da Mama kaka kawai kuka haɗa, amma kika rufe gidanki na Akita kika zo kika shekara kina jinyarta, ni 'yar cikinta ina nan tsakiyar teku. Ranar da asibiti suka kira ni, jirgin ruwa bai fi awa uku da tashi ba. Kin san halinsa, sau ɗaya yake zuwa a kwana shida. Kafin ya dawo an ƙona ta, an tsince ƙasusuwa, babu ni a wurin. Wannan abu zai daɗe yana cina.

Zan zo addu'ar kwana arba'in da tara, ranar 20 ga Yuli, da ni da Sumire. Rabona da ƙauyen shekara takwas ke nan. Ke ba kya nan lokacin, labari kika ji. Kohei, ɗan gidan Ebisawa na tsallaken magudana, shi ya shigo mana da lauje yana cewa ni ce nake magana a cikin kansa. Baba ya shiga tsakani, a nan ya mutu. Ni kuma ya bar mini tabo a maƙogwaro da wannan murya da ba ta fita. Kotu ta ce ba ya cikin hankalinsa, aka kai shi asibiti aka rufe. Tunda yana can, zan iya kwana biyu a gidanmu.

Ina da roƙo biyu. Takardun Mama, kada ki taɓa ko ɗaya, ki bar su yadda suke sai na zo. Na biyu, babu kowa a ƙauyen da ya san inda nake, kuma haka nake so ya zauna. Mama a kanta ta riƙe adireshina, ba ta taɓa rubuta shi ba. Na sa miki shi a bayan ambulan don ki samu na amsawa. Ki adana shi da kyau.

'Yarki,
Chizuru


Yamagata, 13 ga Yuni

Chizu-chan,

Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi ƙwarai. Gwiwa tana nan da halinta, tun da damina ta kama ba ta bar ni na durƙusa da daɗi ba. Kunne kuwa ya zama ado. Na'urar da suka maƙala mini fito kawai take yi kamar butar shayi, na cire na jefa ta a aljihun tebur. Ki ce wa Sumire in haƙorin na ƙasa ne a jefa shi saman rufi, kada ku mance.

Ki bar maganar godiya. Uwarki, Yaya Masae, ta goya ni ina ƙarama, in na wanke mata baya da tsufa me na yi? Kuma ki daina cin kanki, ba ta tafi tana jin haushinki ba. Haushin likita dai ta ji, da ya hana ta gishiri.

Tokarta tana kan teburin turare a ɗakin baƙi, da hotonta na bikin girbi. Kullum da safe ina zuba mata shinkafa da shayi. Duk abin da ya shigo gidan nan ita ake fara kai wa, kamar yadda aka saba. Wasiƙarki ma da na gama karantawa na ɗora mata a gaban hoton, ta ji ɗuminki. Kin ce in adana, to ina ya fi nan?

Wata ambulan ruwan ƙasa ta zo da sunanta kwana uku bayan rasuwa, daga wani ofishin gwamnati, da jan hatimi. Ban buɗe ba. Wasiƙar mamaci ce, kuma ga shi ke ma kin ce kada in taɓa. Tana nan kan teburin, za ki same ta yadda ta zo.

Masu zuwa kunna turare ba su yanke ba. Matan ƙauyen nan sai su zauna su cinye mini alewa suna kallon rufi, suna neman inda ke yoyo don su samu abin faɗa. Jiya dai na ga mai tarbiyya. Wani mutum mai jiki, kansa a aske, zai kai arba'in, ya zo da kwalin alewar wake. Ya faɗi sunansa sau biyu, ni dai na ga baki yana motsi, na ji kunyar in sa shi ya yi na uku. Wanda ya zo kunna turare ai ba ka tsare shi a ƙofa da tambaya. Ya jera takalmansa, ya durƙusa ya sa goshi a tabarma, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ina jin cikin waɗanda ta koyar ne lokacin da take aikin makaranta.

Ki zo da rigar ruwa. Ki ci abinci, na san ki da wasa da ciki.

Innarki,
Tokie


Chichijima, 19 ga Yuni

Inna,

Ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Ki buɗe ambulan ɗin nan. Yanzu, kafin ki gama karanta wannan. Da na ce kada ki taɓa takardu, takardun gona da na gida nake nufi, ba wannan ba!

Bari in gaya miki ko mece ce. Bayan shari'a, Mama ta cike takarda a ofishin da ke kula da waɗanda kotu ta tura asibiti, cewa a sanar da ita duk ranar da aka sallami Kohei, ko kuma in ya gudu. Da sunanta ta yi, da adireshin gida, don kada nawa ya shiga kowace takarda. Muka yi alkawari in ta zo za ta kira ni a ranar. Shekara takwas ba ta zo ba, har na saki jiki. Wannan ofishin ba ya rubuto wa mutum don ya gaishe shi.

Na kira su ɗazu. Matar da ta ɗauka tana da kirki, amma ta ce wanda ya cike takarda kaɗai suke iya gaya wa. Na ce ta mutu, ni ce 'yarta, ni ce aka yanka. Ta ce in cike tawa in haɗo da takardar rajistar iyali, za su duba. Na ce ki dai ce mini e ko a'a, yana ciki ko yana waje? Sai ta ba ni haƙuri.

Na kira gida sau biyar. A na biyar kin ɗauka, ina ta cewa ni ce Chizuru, kika kashe. Daga nan wayar ba ta ƙara shiga ba.

Mutumin da ya zo da alewa, wane ne? Kohei siriri ne kamar sanda, gashinsa har kafaɗa. Ina ta gaya wa kaina ba shi ba ne. Amma ki cire wasiƙata daga teburin nan. Mama takan ƙone ambulan ɗina a murhu da ta gama karantawa. Laifina ne da ban gaya miki ba.

Ƙarin bayani, 20 ga wata: jirgin ya juya tun jiya da yamma saboda guguwa, bai yi kwana ukun da ya saba ba. Wannan wasiƙa tana nan a gidan waya sai ya dawo.

Chizuru


Yamagata, 21 ga Yuni

Chizu-chan,

Shiru ban ji daga gare ki ba, na ce to guguwar da ake nunawa a talabijin ce. Ina fata rufinku bai tashi ba. Ni ina nan, gwiwa ta ɗan saki, har na tsinke ciyawar bayan gida.

Zo ki ji abin dariya. Shekaranjiya 'yan damfarar nan na waya suka gwada ni! Ai an yi mana taro a kansu a zauren ƙauye, an ce suna duba sanarwar rasuwa su kira tsofaffi, su yi kamar ɗan gida ne ya shiga uku. To waya ta dame ni da haske, na ɗauka na danna a kunnen da ya fi dama. Wata ce da murya a shaƙe tana kuka, wai ita ce Chizuru, wai in buɗe kaza in ɗauko kaza. Na ce, “Ke 'yar nan, ki je ki nemi sana'a. Chizuru ta san ba na ji, wasiƙa take rubuto mini.” Na kashe, na zare igiyar daga bango. Sun ɗauka kowace tsohuwa ce sakarai.

Mutumin nan mai ladabi ya dawo har sau biyu. Ranar addu'ar kwana goma sha huɗu ya zo bayan malamin haikali ya tafi. Ya ga indararon baya ya karye, ya nemi tsani ya gyara. Jiya kuma ya kawo kokwamba daga lambu. Ni da ɗan cikina bai leƙo ni ba tun sabuwar shekara, ga bare yana hawa mini rufi.

Ya san ki, ashe. Da ya ga ba na ji sai ya rubuta a bayan takardar alewa, “Chizuru-san tana lafiya?” Na ce lafiya lau, har da 'yarta. Ya rubuta, “Tana nesa?” Na ce nesa ƙwarai. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kada ki ce na yi surutu, alkawarinki yana nan. Na shiga dafa masa shayi na bar shi da Yaya Masae, don na lura ya fi son ya zauna shi kaɗai a gabanta. Da na fito ya riga ya sa takalmi, bai ko sha shayin ba. Ya sunkuya mini har sau uku a bakin ƙofa.

In kin zo zan nuna miki shi ki gaya mini ɗan wane gida ne, in san inda zan kai tukuici.

Innarki,
Tokie


Chichijima, 26 ga Yuni

Inna,

Muna lafiya, rufi bai tashi ba. Jirgi ya shigo yau da wasiƙarki ta 21. Na karanta ta a tsaye a gidan waya, sai da ma'aikaciyar ta kawo mini kujera.

Ni ce na kira ki, Inna. Muryata ke nan. Haka take tun ranar.

Shekara takwas ban yarda kowa a ƙauyen ya ji ko sunan tsibirin nan ba. Yau na kira ofishin ɗan sandan ƙauye da kaina, na faɗi sunana da inda nake da lambar wayata, na roƙe shi ya je wurinki ya rubuta miki a takarda. Norio ya ce wataƙila tsohon ɗalibin Mama ne da gaske. Na ce ɗalibin Mama ba zai tashi ya bar shayi ba.

Na je na ɗauko Sumire daga makaranta tun kafin a tashi. Tana tambayata ko wani ne ya sake mutuwa.

Ki kulle ƙofa. Ko ya zo da turaren duniya kada ki buɗe.

Chizuru


Yamagata, 28 ga Yuni

Chizuru,

Ba ni da bakin tambayar lafiyarki. Ni lafiyata ƙalau, kuma kunyar hakan nake ji.

Ɗan sanda ya zo jiya da safe. Na ɗauka shi ma cikin 'yan damfarar ne, sai da matar maƙwabci ta ce namu ne. Ya rubuta da manyan baƙaƙe, “Chizuru ta ce ki buɗe ambulan.” Na roƙi Yaya Masae gafara, na buɗe a gabansa. Layi huɗu ne kawai. An sallami Ebisawa Kohei ranar 28 ga Mayu, zai zauna a gida yana zuwa karɓar magani. Kwana ashirin da biyu wannan takarda tana gabana, ina share mata ƙura kullum da safe.

Na juya in ɗauko wasiƙarki. Takardar tana nan a ninke a gaban hoton. Ambulan ɗin babu. Na ɗaga tabarma, na zazzage tokar turare, na duba har cikin kwandon shara. Babu.

Na ce wa matar maƙwabci, “Kin gan shi yana shigowa gidan nan?” Ta sunkuyar da kai, ta rubuta wai ta ɗauka na sani, wai ta ɗauka an yafe masa ne. Duk ƙauyen sun gani! Sun gan shi a kan tsani yana gyara indararon gidan mutumin da ya kashe, kowa ya ce ba shi zai fara magana ba. Na ce mata ta tashi ta bar mini gida, kuma kada ta ƙara zuwa cin alewata.

Ɗan sandan ya ce in zauna, shi zai je. Ban zauna ba. Na ɗauki sanda na tsallaka magudanar a bayansa, na maƙala wannan banzar na'ura don in ji da kunnena. Uwarsa ce ta fito, ta tsufa fiye da ni, ta zube a ƙasa tun kafin in buɗe baki.

Na ce, “Ina ɗanki?”

Ta ce, “Ya fita tun ranar Talata, bai dawo ba.”

Na ce, “Kin san yana zuwa gidanmu?”

Ta ce, “Na hana shi, ya ce turare kawai zai kunna. Ya warke, Tokie-san, yana shan magani. Ba ya iya barci ne, wai sai ya ba ta haƙuri ido da ido.”

Na ce, “Ita ta ce tana son haƙurinsa?”

Ta sa goshi a ƙasa. Ɗan sandan ya shiga ɗakin Kohei ya fito da jakar magani a cike. Bai tafi da ita ba, kuma ranar Laraba bai je asibiti ba. An gan shi a tashar jirgin ƙasa da baƙar kwat ta zuwa gaisuwa. Yanzu ana nemansa, kuma an ce an sanar da 'yan sandan tsibirinku. Na san za su kira ki kafin wannan ta iso, amma ina so ki ji daga hannuna.

Ni na ba shi, Chizuru. Ban faɗa da baki ba, na yi ta yabon kaina a kan haka, ashe na ajiye masa a gabansa na tafi dafa shayi. Na kuma gaya masa kina da 'ya. Kika kira ni kina kuka na ce ki je ki nemi sana'a. Uwarki ta riƙe wannan abu shekara takwas, ni ban riƙe shi kwana goma ba.

Ban san ko mugunta ce ta kai shi ba. Kukan da na gani a idonsa na gaske ne, ko kuma ni ce ban iya gani ba, kamar yadda ban iya ji ba. Kada ki dogara da ganina.

Tokie


Chichijima, 3 ga Yuli

Inna Tokie,

Muna lafiya, mu uku. Na fara da wannan don ki samu ki zauna. Ki ci abinci, ɗan sandanku ya ce kin rame.

Jiya jirgi ya shigo da ƙarfe sha ɗaya na safe. 'Yan sanda sun ce sunansa ba ya cikin jerin fasinjoji, suka ce in zauna a gida. Na kai Sumire gidan abokin aikin Norio, na je na tsaya bayan rumfar kaya inda nake ganin matakala. Mutum ɗari huɗu da wani abu suka sauko. Ina neman siriri mai dogon gashi, sai na tuna wannan mutumin babu shi yanzu. Na koma neman mai jiki da askakken kai. Inna, sun fi talatin. Wani ya sa hula, wani ya rufe baki da ƙyalle, wani yana ɗauke da yaro. Wani ya zo ya tambaye ni hanyar masauki, na kasa motsi, ya ɗauka kurma ce ni. Ban san fuskarsa ba. Shi ya san ƙofar gidana, ni ko zai zauna kusa da ni ba zan gane shi ba.

Da yamma suka kira. An same shi a Tokyo, a zauren jiran jirginmu. Kwana uku yana zuwa ya zauna a benci da kwalin alewa a cinya, bai sayi tikiti ba. Bai yi gardama ba. Ambulan ɗina tana aljihun kwat ɗinsa. Sun mai da shi asibiti. Ɗan sandan yana murna yana ce mini, “An karɓe ambulan ɗin, ki kwantar da hankalinki.” Na ce masa, “Kwana goma sha biyu tana hannunsa. Kana ganin bai haddace ba?”

Wataƙila haƙurin kawai ya zo bayarwa. Na yi tunanin uwarsa, na yi tunaninsa a kan bencin nan, har na ji tausayinsa, kuma na ji haushin kaina da na ji. Amma za su sake sallamarsa, ko baɗi ko bayan baɗi. Tsibirin nan hanya ɗaya ce shiga, hanya ɗaya ce fita. Ba zan iya tsayuwa bayan rumfar kaya duk kwana shida har Sumire ta girma ba.

Jibi za mu bi jirgin, ni da ita. Norio zai biyo mu in ya sallami aikinsa. A nan aka haife shi, kabarin babansa yana kan tudu, bai ce mini komai ba sai “wane akwati za ki ɗauka?” Sumire ta ɗauka hutu za mu, ta bar wa ƙawarta kifinta ta riƙe mata na sati biyu. Na tsinke lemun tsamin da na dasa shekarar da na zo, bai nuna ba, na raba wa maƙwabta.

Wasiƙarki ta 28 ta zo a wannan jirgin. Na karanta sau uku. Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Amma abin da kika yi shi ne abin da kowace mace ta gari take yi a gidan makoki. Ni ce na ce kada ki taɓa, ni ce ban ce ki ƙone ba. Ke kika rufe wa Mama ido, wannan ba ya gogewa.

Ba zan zo ranar 20 ba. Ki tsaya a madadina, ki riƙe tokar da hannunki har kabari. In an gama ki rufe gidan ki koma Akita, kada ki ƙara kwana a ƙauyen.

Ofishin nan sun aiko mini da takardar da zan cike da sunana, don a riƙa sanar da ni. Na cike komai sai layin adireshi, shi sai mun sauka. Su zan ba su, dole ce. Ke ba zan ba ki ba, Inna. Ba hukunci ba ne. Abin da ba ki sani ba, babu mai ladabin da zai karɓe shi daga hannunki. Zan riƙa rubuto miki a Akita duk wata, in gaya miki tsawon Sumire da abin da muka ci. Ke dai ba za ki iya amsawa ba.

Ki kula da gwiwar.

'Yarki,
Chizuru